Masu nutso da masu gishiri a gaɓa ɗaya: wa ke cin wani?

Ɗan_Fagge_a_Malesiya
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana biyu, karatu ne ya ɓoye ni. Hutun da muka samu a watan Satumba, ni da abokan karatuna biyu muka tsallaka Indunusiya, tsibirin Bali, wani yanki da ake ce wa Amed, can arewa maso gabas a gindin dutsen Agung mai aman wuta. Nutso ne ya kai mu, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya. Na yi kwas na kwana huɗu, aka ba ni katin da ya ba ni izinin sauka har mita 18.

Abin da ke ƙarƙashin ruwan nan sai wanda ya gani. Amma wanda ya tsaya min a rai a tudu yake. Kullum da sassafe in za mu shiga kwale-kwale sai mun ratsa ta gefen wani dattijo da matarsa masu yin gishiri. Filinsu bai kai filin ƙwallon yaran unguwa ba, katangar masauki ta dama, katangar gidan abinci ta hagu. Yana ɗebo ruwan teku a bokiti biyu da sanda a kafaɗa, sak ɗan garuwa, ya watsa a kan ƙasar da ya daddaɓe. Rana ta busar, ya ƙara watsawa. In ƙasar ta ƙoshi da gishiri sai su kankare samanta su zuba a wani ƙaton kwandon gora mai tsinin gindi, su tuttula ruwan teku a kai, ya riƙa tsiyayowa ta ƙasa. Wannan ruwan mai kauri shi suke zubawa a kututturan bishiya da aka tsaga biyu aka fafe, kamar komin shayar da shanu, an jera su a rana. Bayan 'yan kwanaki sai ka ga gishiri ya kwanta fari fat.

Yaron da ya koya mana nutso ɗan garin ne. Ya ce min masaukin da muke kwana a ciki, filin gishirin kakansa ne aka sayar aka gina. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa dariyar ta ƙi zuwa. To ga tambayata: mu da muke zuwa kallon murjani da kuɗinmu, raya irin waɗannan garuruwa muke yi ko kashe su?

Baban_Ummi_Zariya
Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Bakano da iyakacin ruwansa kududdufin bayan gida, yau shi ne a gindin teku. An tura ka karatu ka tafi gaisawa da aljanun ruwa. Hajiya ta san da wannan labarin kuwa?

Ɗan_Fagge_a_Malesiya
Yaya Baban Ummi ka rufa min asiri. Sai da na dawo lafiya na tura mata hoto, har yau ba ta gama faɗa ba. Ku dai Zagezagi ku tsaya a bakin Kubanni.

Ummu_Sadik
Ni wallahi ina karanta bayanin kwandon nan sai kakarmu ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta. Ai tsiyayar toka ke nan! Haka take ƙona karan gero, ta zuba tokar a tsohon kwando ko kwano mai huji, ta zuba ruwa, ya kwana yana ɗiga a kasko, da safe ga ruwan tokar miyar kuka. Ashe can ƙarshen duniya ma dabarar ɗaya ce. Abin da ban gane ba, me ya hana su shanya ruwan tekun kai tsaye? Me ya kawo wahalar ƙasa a ciki?

Malam_Kimiyya
Tambaya mai kyau, Ummu Sadik. Lissafi ne. Litar ruwan teku ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Wato in ka cika jarka mai lita 25 ka shanya har ta ƙafe, ba za ka samu ko kilo ɗaya cikakke ba, kuma a cikinsa ma ba duka ne gishirin miya ba. Gishiri ba ya fara ƙanƙara sai kusan kashi 9 cikin 10 na ruwan ya tashi. In kai tsaye za su cika waɗannan komayen, sai su yi ta jiran gawon shanu. Ƙasar da suke watsa wa ruwa shimfiɗa ce mai faɗi, rana na busar da ita nan da nan, kullum tana ƙara tara gishiri. Da aka wanke ta da wani ruwan tekun, abin da ke ɗigowa ya riga ya kusa nuna.

Akwai kuma wata gwaninta da ba a koya a aji. In ka bar ruwan ya ƙafe ƙurmus, wasu sinadarai masu ɗaci suna sauka a ƙarshe su ɓata gishirin. Gwani ya san ranar da zai kwashe ya bar ragowar ruwan.

Hajiya_Mai_Lalle
Ku dakata min tukuna. Murjanin da kuke ta faɗa, shi ne wanda na sani? Mahaifiyata tana da jan murjani silili biyu da aka yi mata na aure, yanzu suna hannuna, ko 'ya'yana ba na bari su taɓa. Shi ne kake nutsewa kana kallo, ɗana? To ka tsinko mana mana!

Aminu_Kwanar_Dawaki
Hajiya ai wata ciyawa ce a ƙarƙashin teku, in ta bushe sai ta zama dutse.

Malam_Kimiyya
A'a Malam Aminu, dabba ce. 'Yan mitsi-mitsin halittu ne masu taushin jiki, kowacce da baki da 'yan hannuwa kewaye da shi, suna zaune dubbai a manne da juna. Kowacce tana gina wa kanta gida na farar ƙasa, irin sinadarin alli. In ta mutu ta bar gidan, wasu su ɗora nasu a kai. Shekara dubbai ana haka har a samu tudun da ke fasa jirgi. Inda ka yi kusa da gaskiya shi ne, a cikin naman jikinsu akwai wani gansakuka da ido ba ya gani, shi ke sarrafa hasken rana ya ciyar da su, shi ne kuma yake ba su launi. Shi ya sa sai a ruwa mai ɗumi, mai garau, marar zurfi.

Na Hajiya kuwa dangi ne amma ba gida ɗaya ba. In na gaske ne, jan murjanin Bahar Rum ne, wanda ake cirowa a gaɓar Italiya da Tunusiya da Aljeriya. Shi ba ya gina tudu, a duhun kogunan dutse yake tsirowa kamar ɗan reshe. Ta hamada fatake suka riƙa shigo mana da shi, Turawan Fotugal kuma suka kai wa sarakunan Bini ta teku.

Almajirin_Zaure
Sunan ma daga Larabci muka aro. Yana cikin Suratur Rahman, inda aka ambaci lu'ulu'u da murjani suna fita daga tekuna biyu. Na sha karanta ayar, ban taɓa kawo wa raina cewa abu ne mai rai ba. Subhanallah.

Ɗan_Fagge_a_Malesiya
Hajiya ki yi haƙuri, ko taɓawa an hana mu, balle tsinka. Kuma in na kawo miki ba za ki so shi ba, da ya bar ruwa ya mutu fari yake komawa kamar ƙashi. A ruwan ne yake da kyau. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai an jera, wani kamar ƙwaƙwalwa a buɗe. Abin da ban zata ba shi ne ƙara. Na ɗauka ƙarƙashin ruwa shiru ne, ashe wani tas-tas-tas kake ji ba tsayawa, kamar ana toya ƙosai a maƙwabta. Wai ƙananan jatan lande ne. Na ga wani kifi mai baki kamar na aku yana gatsar murjani, ina jin ƙarar haƙoransa, can sai ya saki farin rairayi ta baya.

Rana ta ƙarshe aka kai mu Tulamben, ba nisa da Amed. Akwai jirgin dakon kayan sojan Amurka, Liberty, tsawonsa wajen mita 120. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ne ya harbe shi a Janairun 1942, aka jawo shi bakin gaɓa aka bari. Da Agung ya yi aman wuta a 1963, girgizar ta tura shi cikin ruwa. Yanzu murjani ya lulluɓe shi, ba ka ganin ƙarfe sai ka lura. Da ƙafa ake shiga daga gaɓa. Kuma abin da zai ba ku mamaki, matan garin ne ke dakon tukwanen iskar a ka, da gammo, wata ta ɗora biyu, a kan duwatsun da ni ko hannu rabbana sai da na yi tuntuɓe.

Ɗan_Kwari_Original
To ka amsa wa kanka tambayarka ai. Matan nan da ke dako suna samun na cefane kullum. Yaron da ya koya maka yana jin Turanci, yana da sana'a, ƙila ma yana da babur. Wa ya tilasta wa kakansa sayar da fili? Ku 'yan boko kuna son talaka ya dawwama da sanda a kafaɗa don ku zo ku ɗauki hoto ku ce al'ada. Kai za ka yarda ɗanka ya gaji ɗibar ruwa a rana? Kasuwa ce, abin da ya fi kawo kuɗi shi ke zama. Mu nan da atamfar Sin ta shigo, wa ya tsaya yi wa masaƙa kuka?

Ummu_Sadik
An yi kukan Alhaji, ku ne dai ba ku ji ba, kuna ƙirgar kuɗi.

Bahaushen_Bur_Sudan
Salamu alaikum jama'a. Alhaji Ɗan Kwari, bari in ba ka labarin garinmu, sai ka auna. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, suka tsaya nan bakin Bahar Maliya. Sawakin, inda alhazai ke shiga jirgin Jidda, da dutsen murjani aka gina ta kaf, yanzu yawancinta ya zube sai kufai. Tsofaffin gidajen cikin Jidda ma da shi aka yi su.

Murjanin da ke gabanmu masana sun ce yana cikin mafi kyau a duniya. Sanganeb, wata da'irar tudun murjani wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, nan take a tsakiyar ruwa da hasumiyarta. A wani tudun murjanin, Sha'ab Rumi, Bafaranshen nan mai binciken teku Jacques Cousteau ya kafa gida a zurfin mita 10 a 1963, mutane suka yi wata guda suna kwana a ciki. Ga Umbria, jirgin Italiya da kyaftin ɗinsa ya nutsar da hannunsa a 1940 don kada Ingilishi su ƙwace bama-baman da ke ciki. A da Turawa suna zuwa nutso, yawanci 'yan Italiya, su sauka daga jirgin sama su wuce cikin jirgin ruwansu, su yi sati ɗaya, su koma. Ni an haife ni a nan, ban taɓa ganin Sanganeb da idona ba sai a waya. Wani ƙanena ya yi musu aikin kuku shekara da shekaru.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ɗif, ba wanda ya ƙara zuwa. Ƙanen nan nawa ya dawo gida yana zaune. Amma filayen gishiri da ke bakin garin ba su tsaya ba, domin ko ana harbi sai an sa gishiri a miya, kuma yawancin gishirin da Sudan ke ci daga nan yake fita. Baƙo raɓa ne, ya Alhaji.

Ɗan_Kwari_Original
Allah ya kawo muku zaman lafiya, ɗan uwa. Amma yaƙi ai ba a kafa misali da shi, komai yake tsayarwa.

Ɗan_Fagge_a_Malesiya
Ba sai yaƙi ba Alhaji. Su kansu 'yan Amed sun ɗanɗana. A 2017 da Agung ya sake motsi, baƙi suka watse. Aka zo korona a 2020, tsibirin ya yi kusan shekara biyu ba baƙon waje. A wasu ƙananan tsibiran Bali mutane komawa suka yi noman ciyawar teku da suka yi watsi da shi. Wanda ya sayar da filinsa fa, ina zai koma? Ba a watsa ruwan teku a kan tayil.

Ɗan_Agadas
Ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan maganar gishiri ba labari ba ce, da ita aka gina garinmu. A Bilma da Fashi babu teku, ramuka ake ginawa, ruwan ƙasa mai gishiri ya tsattsafo, rana ta yi aikinta. Akwai beza, shi ne mai kyau na miya. Akwai kantu na bisashe, wanda ake zubawa a ƙwaryar kututturen dabino da aka fafe, ya fito da tsini kamar turmi a kife. Ka ga mu ma kututture ne, Ɗan Fagge. Barebari ke yi, Buzaye su ratsa Tenere da raƙuma su kai musu hatsi su ɗauko, Hausawa su saya su rarraba a kasuwannin kudu har Kano.

Abin da nake so in ce, tun zamanin ayari mai tsayuwa cikin ramin, wanda gishiri ke tsattsage ma ƙafa, shi ne mai ƙaramin rabo. Riba tana hannun mai kaiwa. Yanzu manyan motoci sun karɓe ma raƙuma da yawa daga cikin aikin, mai ramin yana nan yadda yake. Kada mu ɗora ma masu nutso laifin da ya girme su.

Fulani_Siriri
Wato dai Barebari tun fil azal su ke yi wa shanunmu hidima. Madalla da bayinmu.

Kanuri_Boy
Kai da ba don kantunmu ba da tuni shanunka sun rame kamar kai.

Sarkin_Ruwan_Yawuri
Ni wannan nutson na tukunya bai burge ni ba. Mu nan tun muna yara muke kurme a Kwara, ba tukunya ba tabarau, ruwa jajir ba ka ganin tafin hannunka, da lalube muke kamo kifi a rami. Ku je Argungu ku ga maza. In an ba ni iskar asibiti a baya ai sai in wuni a ƙasa.

Ɗalibi_a_Masar
Ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, ba mai raina kurmenku, amma gyara kaɗan. Ba iskar asibiti ce a tukunyar ba, iskar nan ce da muke shaƙa aka matse da inji. Zallar iskar asibiti in ka wuce 'yan mitoci da ita guba take zama, ta sa mutum farfaɗiya a cikin ruwa. Kuma hatsarin mai tukunya daban ne da na mai kurme. Kai da numfashin da ka ɗauka a sama kake sauka, da shi kake dawowa. Shi kuwa a ƙasa yake shaƙa, inda ruwa ya danne iskar. A mita 10 nauyin da ke kanka ya ninka na sama sau biyu. In ya cika huhu a can ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ta ninka, huhu ya yage. Shi ya sa dokar farko da ake koya maka ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, wato kishiyar abin da ka saba. Gwanin kurme ma yana iya shiga hatsari a ranar farko.

Na biyu, iskar tana narkewa a jini in ka daɗe a zurfi. Ka taso da sauri, sai ta yi kumfa kamar an girgiza lemon kwalba an buɗe. Tana iya shanye wa mutum ƙafafu. Don haka ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, kuma ba a hawa jirgin sama sai an yi kamar awa 18 in an yi nutso da yawa.

Ni na ɗanɗana kuɗata a Dahab, wani garin nutso a nan Masar. Ina fama da mura, na faɗa wa mai shagon da ya ɗauke mu, ya ce ba komai, don kada kuɗin ya wuce shi. Ana sauka ana toshe hanci a hura a hankali don kunne ya buɗe. Nawa na hagu ya ƙi. Maimakon in yi alama a tsaya, kunya ta sa na ci gaba saboda akwai 'yan mata a tawagar. Sai na ji kamar an soka min tsinke, ruwa mai sanyi ya shiga, duniya ta fara juyawa, ban san sama ba ban san ƙasa ba. Wata shida ina jinyar dodon kunne.

Baban_Ummi_Zariya
Ka ji inda matsalar take, 'yan mata. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗan_Fagge_a_Malesiya
Ni tawa kunyar ta fi sauƙi. Malamin ya tambaye ni da hannu ko lafiya, na ɗaga masa babban yatsa irin na Facebook. Ashe a wurinsu ma'anarsa mu tashi sama. Ya kamo ni muka fito, ya ce me ya faru, na ce daɗi nake ji.

Sarkin_Ruwan_Yawuri
To na ji. Amma me ya sa mu ba mu da wannan murjanin a Legas? Ba teku ba ce ita ma?

Malam_Kimiyya
Kwararka ce ta hana, Sarkin Ruwa. Jan ruwan nan da kake kurme a ciki, da na Binuwai da Volta da sauran koguna, duk a tekun suke juye laka da ruwan daɗi. Murjani ba ya son laka, tana toshe shi ta tare masa rana. Ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a gaɓar Gana da Kwaddibuwa wasu watanni. Bahar Maliya kuwa babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta, shi ya sa take garau, gishirinta ma ya fi na sauran, wajen giram 40 a lita.

Zafi ma in ya yi yawa kashe shi yake. Ruwa ya ɗara yadda ya saba da digiri 1 kacal na 'yan makonni, sai murjanin ya kori gansakukan nan da ke ciyar da shi, ya yi fari. An ga haka a duniya baki ɗaya a 1998, aka sake a 2010, aka sake daga 2014 zuwa 2017, ga na huɗu da aka tabbatar a 2024.

Ɗan_Zango_Ashaiman
Mu a Gana ba mu da masu nutso amma muna da rigimar gishiri, don haka ku bar ni in sa baki. Tafkin Songor da ke Ada, da rani gishiri da kansa yake kwantawa, tun kaka da kakanni kowa na shiga ya kwasa, yawanci mata. Gishirin Ada ne ake haurawa da shi ta Volta har Salaga, inda kakanninmu fataken goro suke ciniki. Tun da aka fara ba kamfanoni wurin ake rikici. A 1985 har harsashin 'yan sanda ya kashe wata mata mai ciki a bakin tafkin. A 2020 kuma aka ba kamfani guda hayar wurin, ana ta ja-in-ja har yanzu. Wasu 'yan garin sun samu aiki suna murna, wasu suna cewa an mai da su leburori a gadon gidansu. To ka gani Alhaji Ɗan Kwari, ko otal ne ko kamfani, maganar ɗaya ce: bakin ruwan na wane ne?

Ɗan_Kwari_Original
Na wanda ya biya ne mana. Amma na yarda akwai bambanci tsakanin wanda ya sayar da hannunsa da wanda aka sayar a kansa.

Injiniya_Mai_Ritaya
'Ya'yana, ku ƙara da wannan. A Balin dai, a lardin da Amed take, akwai wani gari Candidasa. Da baƙi suka fara zuwa a shekarun 1970 da 1980, aka riƙa farfasa murjanin gaban garin ana ƙonawa a samu farar ƙasar gina masaukai. Murjanin nan kuwa shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso. Da aka cire shi, teku ta zo ta lashe rairayin da baƙin ke zuwa dominsa. Sai da aka dawo ana jibga kankare a ruwa. Na yi aikin madatsun ruwa shekara talatin, na san kuɗin da irin wannan gyaran ke ci.

Sai dai a yi adalci. A wurare da yawa a Indunusiya masunta da nakiya suke kamun kifi, su jefa kwalba ta tarwatsa murjanin da ya yi shekara ɗari yana girma. Inda kuɗin masu nutso ya shiga, ɗan masuncin da ya zama jagoran baƙi shi ne na farko da zai hana, don kifi mai rai kullum sai ya sayar da kallonsa. Ɗan Fagge, tambayarka ta haɗa biyu. Murjanin na iya cin riba, mai gishiri ya faɗi.

Nas_Habiba
Ni ta wani ɓangaren zan shigo, ku yi haƙuri. Yanzu an fara yayin gishirin teku da na gargajiya a shagunan manya, ana cewa ya fi lafiya. Gishiri gishiri ne, mai hawan jini ya rage ko wane iri ne. Kuma mutane na zaton tunda daga teku yake to akwai aidin a ciki. Ɗan abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka girme ni sun san yadda maƙoƙo yake a ƙauyuka kafin a wajabta sa aidin a gishirin buhu a shekarun 1990. Mai ciki da yara dai a bar su da na leda mai aidin.

Yar_Keana
Anti Nas gaskiya kika faɗa, amma dokar nan ta taɓa mu. Mu a Keana ta jihar Nasarawa gishiri aikin mata ne, uwa ta bar wa 'ya filinta. Yadda Ɗan Fagge ya kwatanta haka iyayenmu ke yi, a yayyafa ruwan gishiri a ƙasa, a kankare, a tace a tukwane masu huji. Bambancin kawai mu dafawa muke da itace, su rana ke dafa musu. Da na buhu ya cika kasuwa da araha, 'yan mata suka gudu. Ni kaina ban iya ba, kuma ba wani otal da ya zo ya saye filinmu. Yana nan, ciyawa ta cinye rabinsa.

Ɗan_Fagge_a_Malesiya
Wannan magana taki ta sa jikina ya yi sanyi, Yaya. Ƙila ko ba mu je ba da dattijon nan shi ne na ƙarshe. Kuma akwai abin da ban faɗa ba tun farko. Masu gishirin Amed da suka rage sun haɗa ƙungiya, gwamnatinsu ta yi wa sunan gishirin rajista, ba mai sayar da wani da sunan Amed. Su waye masu saye da tsada? Mu ne dai baƙin, da manyan gidajen abinci. Matar dattijon tana da ɗan tebur a bakin hanya, ta ƙulla shi a 'yan kwanduna kamar tsarabar biki. Na sayi uku. Kuɗin ukun bai kai rabin abin da na biya na nutso ɗaya na minti arba'in ba, ita kuwa har da ƙara min gyara.

Aikin ma na rani ne kawai. Su suna kudu da tsakiyar duniya, lokacin da muke damina su suke rani. Ruwa na sauka wajen Nuwamba sai a kife komayen a jira wata shekarar.

Ɗan_Kwari_Original
To ka ga ni. Ba don kai ba wa zai sayi gishiri a kwandon tsaraba?

Bahaushen_Bur_Sudan
Ranar da bai zo ba fa?

Ɗan_Agadas
Ɗan Fagge, kututturen da suke fafewa na wace itaciya ne? In giginya ce ina da magana.

Ɗan_Fagge_a_Malesiya
Wasu na kwakwa ne, wasu na wata bishiya da suke kira lontar. Da na gan ta a tsaye na rantse giginya ce, ganyen da 'ya'yan duk iri ɗaya, sai dai ba ta da kumburin nan na tsakiya.

Malam_Kimiyya
Ba ka yi kaffara ba, 'yar uwarta ce ta jini, ta Asiya.

Hajiya_Mai_Lalle
Tunda an hana ni murjani, cikin kwanduna ukun nan ɗaya nawa ne. Yaushe za ka shigo Kano? Kuma wanda ya san yadda ake gane murjani na gaske da na roba ya faɗa min, tun ɗazu na ɗauko na mahaifiyata ina ta jujjuyawa a fitila.